Na-Iya Ya Yi Wa Tanki Faci

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, laƙabi ne kawai ya rage: Na-Iya. Duk abin da aka ambata a gabansa, gyaran agogo ne ko ɗorin karaya, kafin mai magana ya rufe baki zai ce, "Ai na iya." Abin da ya iya da gaske kuwa guda ne, facin taya. A nan kam ba mai ja da shi. Tayar da ya liƙe sai dai ta tsufa ta mutu, amma facin yana nan.

Da aka zo faɗaɗa titi aka kwashe rumfarsa, ya koma zaman gida yana koya wa matarsa yadda ake hura wuta. Da abin ya ishe ta sai ta tafi wurin yayanta, wanda yake manaja a wani kamfanin sabulun ruwa, ta ce, "Yaya, ka taimake ni ka ɗauke shi, ko shara ce. In ya ƙara wata guda a gida, ɗayanmu zai bar shi."

Aka ba Na-Iya tebur da kujera da aikin manna takarda a jikin gorunan sabulu. Washegari ya zo da hular kwano da ya saya da kansa, da sifana a aljihun gaba. A teburin Mai Shayi da ke bakin ƙofar kamfanin ya sanar da jama'a cewa an kira shi ne ya duba harkar injuna.

"Injuna kuma?" in ji Mai Shayi. "Ni na ga gam a yatsunka."

"Kai dai zuba madara. Wanda ya san iska ya san inji. Mota iska ce, jirgi iska ne, kai kanka in aka sace maka iska me ya rage?"

Teburinsa yana kusa da babban tankin kamfanin, wani jibgegen ƙarfe mai tsani a jikinsa. Aikin tankin ba wuya a gane. Famfo yana turo sabulu daga tukunyar haɗi zuwa cikinsa. Injin iska yana hura iska a saman sabulun, iskar ta danno shi ta bututu zuwa layin da mata suke cika goruna. A cikin tankin akwai ƙwallon roba mai yawo a kan sabulu, an haɗa shi da wani hannun ƙarfe a waje. In sabulu ya kai iyakarsa, ƙwallon ya taso, hannun ya ɗaga, famfo ya tsaya. A can sama kuma akwai wani ɗan bawul da yake yin huci duk lokacin da iska ta yi yawa. Sai agogo mai allura, gefe kore gefe ja.

Abu biyu suka hana Na-Iya sakat. Na farko, tankin ba ya cika. Na biyu, hucin nan.

"Malam," ya ce wa Mai Tanki, wani dattijo marar son magana da yake kula da wurin, "tankinka yana yoyon iska. Tun daga ƙofa nake jin sa."

"Ba yoyo ba ne. Numfashi yake yi."

"Ƙarfe ne yake numfashi? To me ya sa kake barin samansa fanko?"

"In ka ci abinci, har maƙogwaro kake cikawa?"

"In na samu."

"To shi ba ya so," in ji Mai Tanki, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Na-Iya ya girgiza kai don tausayi. A ransa ya ce, ga mutum ya tsufa a gindin tanki, fanca tana yi masa kuka a kunne bai san ta ba.

Ana nan sai Manaja ya tara ma'aikata ya ce gobe za a yi baƙuwa. Wata mata ce mai manyan otal-otal, tana neman kamfanin da zai riƙa ba ta sabulu duk shekara. In ta ga aikinsu ya yi mata, kowa ya tsira da aikinsa. In ba haka ba, to kasuwa ta ja baya, dole a rage mutane. Shugabar matan layi, wadda kowa yake kira Inna, ta ce, "Yallaɓai, mu dai hannunmu ba zai gaza ba. Abin da bututu ya kawo shi za mu cika."

Wannan magana ta shiga kunnen Na-Iya ta zauna. Abin da bututu ya kawo! Ashe duk arzikin kamfanin nan fanca guda ce ta tare shi.

Da safe Mai Tanki ya zo da kunci kamar ya ɓoye ƙwai a baki. Haƙori ne ya tasa shi gaba. Manaja ya dube shi ya ce ba za a nuna wa baƙuwa wannan fuska ba, ya je asibitin haƙori na bayan layi a cire, ya dawo kafin ta iso. Mai Tanki ya daidaita komai, ya zo wurin Na-Iya don shi ne mafi kusa, ya yi magana da gefen baki.

"Kada ka taɓa komai. Ido kawai. In allura ta shiga ja, ga babban makunni can a bango, ka ja shi ƙasa. Shi ke nan."

"Ai na iya."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Mai Tanki, ya fita riƙe da kunci.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba Na-Iya ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin tebur. Tsohon tif na tayar babbar mota, almakashi, gwangwanin gam, waya. Ya hau tsani yana fito. Ya kankare bakin bawul ɗin nan mai huci, ya shafa gam, ya hura masa baki har ya sha iska, ya ɗora faci, ya naɗe da tif, ya ɗaure tamau. Sannan ya lakato yawu ya shafa a gefe, ya kara kunne. Shiru. Ko ƙwayar kumfa ba ta taso ba.

"Ka warke," ya ce wa tankin, ya shafa shi.

Ya sauko ya kama hannun ƙarfen da ke tsayar da famfo, ya ɗaure shi ƙasa da waya. Ya je wurin injin iska ya murɗa shi gaba.

Inna ta hango shi. "Kai Na-Iya, me ka hau yi can sama?"

"Inna, ki shirya hannu. Yau za ki ga abin da ake kira aiki."

Abin haushi, da farko abin ya yi kyau. Sabulu ya riƙa zuwa da ƙarfi, gorar da take ɗaukar lokaci sai ga ta ta cika kafin a ƙifta ido. Kwalaye suka fara taruwa. Matan suka dubi juna. Wata ta ce, "Kai, ashe dai mutumin nan ba a banza yake surutu ba." Na-Iya ya ji. Ya gyara zaman hular kwano, ya zuba hannu a baya, ya riƙa zagaya layin yana cewa, "A hankali, a hankali, kada ku gode mini yanzu." Har ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Mai Shayi kira, ya ce ya aika gida a gaya wa matarsa ta zo ta ga yadda ake ƙara wa mutum girma.

Sai ƙararrawar gargaɗi da ke jikin tankin ta fara ƙara.

"Mene ne wannan?" in ji Inna.

"Murna take yi. Ba ta taɓa ganin tanki ya ƙoshi ba."

"Murna da wannan kururuwa? Allurar can fa ta kai ja."

Na-Iya ya je ya tsaya gaban agogon. Allura ta shige ja, tana rawa. Ya dubi babban makunnin da ke bango, ya dubi kwalayen da suka taru. Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce. Allura ta ƙara gaba. Ya zaro sifana ya bugi cikin tankin, ƙwal, ya saurara kamar yadda yake yi wa tayar tirela.

"Agogon nan maƙaryaci ne. Mu a sana'armu da kunne muke aunawa. Wannan ko rabin tauri bai yi ba."

Ya cire safarsa guda ya cusa wa ƙararrawar, ya rataya tawul a kan agogon don kada ya tayar wa mata da hankali.

Gora ta farko da ta ƙwace daga hannun mai cikawa ta tashi kamar an harba ta, ta bugi rufin kwano, ta dawo ta fashe a kan tebur. Ta biyu ta bi ta kan Inna ta tafi da ɗankwalinta. Kafin a ce kwabo, bakunan bututu duk sun haukace, suna feshin sabulu ko ta ina. Matan suka watse, mai takalmi ɗaya, mai rarrafe, ƙasa kuma ta yi santsi, wadda ta taka da ƙarfi sai ta wuce inda ta nufa.

"Ku riƙe da kyau!" Na-Iya yana ihu. "Hannunku ne bai saba da ci gaba ba!"

"Uban ci gaba!" in ji Inna daga ƙarƙashin tebur. "Je ka kashe abin nan!"

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Manaja ya shigo cikin sabuwar kwat, yana wa Mai Otal bayani da hannu biyu. Mace ce mai jiki da natsuwa, da tabarau da jaka a hannu.

"Kamar yadda za ki gani, ranki ya daɗe, mu nan komai a tsare yake, cikin nutsu..."

Wata gora ta wuce tsakaninsu da fito.

Na-Iya ya taho da sauri, santsi ya kawo shi har gabansu ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ya sara wa baƙuwa.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Ni ne mai kula da ɓangaren iska. Yaya, ka ga abin da nake gaya maka?"

"Kada ka ce mini Yaya a nan! Me ka yi?"

"Fanca na liƙe. Shekara da shekaru kuna asarar iska."

Manaja ya ɗaga kai ya hango baƙin tif naɗe a kan bawul. Tankin kuwa ya fara wani irin gurnani daga ciki, ƙusoshin murfinsa suna ƙas-ƙas.

Mai Otal ta ja da baya taku guda. "Malam, wannan abin haka yake kuka kullum?"

"Gyatsa ce, ranki ya daɗe. Yanzu zan rage masa."

Manaja ya daka masa tsawa. "Cire facin! Hau ka cire shi yanzu, kafin ya tashi da mu duka!" Shi kuma ya nufi makunnin bango da gudu, sai dai takalminsa mai sheƙi bai san sabulu ba. Ƙafafu suka yi sama, ya tafi da baya har cikin tarin kwalaye.

A karo na farko tsoro ya kama Na-Iya. Ya hau tsani, ƙarfen yana rawa a hannunsa kamar mai zazzaɓi. Ya kama facin ya ja. Ko gezau. Ya sa farce, ya sa sifana, ya sa haƙori. Facin yana nan daram. Duk da tsoron da yake ji, wani daɗi ya ratsa shi, ya leƙo ƙasa.

"Kun gani ko? Facina ba ya ɓamɓaruwa! Ku tambayi duk direban da..."

Bai ƙarasa ba robar da ke bakin murfin tankin ta yi abin da bawul ya kasa. Ta tsage ta gefe, fuuu, da ƙarar da ta sa tsuntsayen rufin suka watse. Allah ya taimaka robar ce ta ba da kai, ba ƙarfen ba. Sabulun da iska ta daɗe tana dannawa ya samu ƙofa, ya fito ba a matsayin ruwa ba, a matsayin kumfa. Fara sol, mai kauri, ta bugi rufi ta dawo ta rufe Na-Iya da tsaninsa. Famfo kuwa yana ta turo sabo, tunda an ɗaure hannun da zai ce masa ya isa.

Na-Iya ya sulalo ƙasa kamar an sauke buhu. Ya miƙe, kumfa har ƙugu.

"Kada kowa ya tsorata! Ruwa ne maganinta!"

Ya jawo tiyon wanke ƙasa ya buɗe shi gaba ɗaya. Ruwa ya haɗu da sabulu. Kumfar da take ƙugu ta kai ƙirji.

"Wane mahaukaci ne yake kashe kumfa da ruwa?" Muryar Inna ce, amma ba a ganin ta.

"To iska! Iska ce za ta kore ta!"

Ya lalubi babbar fankar da ake shanya kwalaye da ita ya kunna. Nan kam ya yi gaskiya, iska ta kore ta. Ta tattaro kumfar nan gaba ɗaya ta tura ta ta babbar ƙofa, ta bi harabar kamfanin, ta fita titi kamar garken tumaki an buɗe musu shinge.

Mai Shayi yana cikin fifita wuta ya ga farin dutse yana tahowa. Ya ɗauke butarsa ya hau benci. Mai aski na kusa ya fito da aska a hannu, da wanda ake yi wa askin, rabin gemu a aske, suka tsaya suna kallo.

"Wannan kumfar ta ishe ni har in mutu," in ji mai askin.

Wani mai babur ya shigo da gudu, ya taka birki, babur ɗin ya ƙi jin magana, ya juya da shi sau biyu ya ajiye shi yana kallon inda ya fito. Ya ce, "To, dama mantuwa na yi a gida." Wata akuya ta shiga ta gefe guda baƙa, ta fito ta ɗaya gefen fara, mai ita ya bi ta yana rantsuwa ba tasa ba ce. Matan unguwa kuwa da suka ga abin arziki, sai ga su da bokitai da kwanoni. Wata har da kayan wankinta ta fito.

Cikin wannan hali Mai Tanki ya dawo, auduga cike da baki. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi titi, ya dubi sama. Ba ya iya magana, sai wani dogon nishi da ya fito ta hanci. Ya naɗe ƙafar wando, ya kutsa cikin kumfar yana lalube da bango, ya ɓace. Jim kaɗan aka ji ƙarar famfo ta mutu, injin iska ya yi shiru, fanka ta tsaya. Sai sautin kumfa kawai, tana fashewa a hankali.

Aka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Matan layi, sannan Inna ba ɗankwali, ta yafa tawul ɗin da aka rufe agogo da shi. Sannan Manaja, da takardar gora manne a goshi. Sannan Mai Otal, tana tafiya a hankali kamar mai taka ƙwai, tabarau a hannu, jakarta tana ɗiga.

Matar Na-Iya ta iso daidai lokacin, cikin kayan fita, don an ce mata ƙarin girma ne.

"Yaya, ina yake?"

Manaja ya nuna cikin kumfar da yatsa.

Inna da wata suka koma suka lalubo shi, suka jawo shi ta ƙafa har tsakiyar harabar, gaban duk jama'ar titi. Ba a ganin komai nasa sai hular kwano. Mai Tanki ya ɗauko tiyo ya sakar masa ruwa, da alama kuma ya ji daɗin wannan aiki fiye da cire haƙorin. Ana wanke shi yana ƙara kumfa. Aka wanke, ya yi kumfa. Aka sake wankewa, aljihunsa ya tumbatsa.

"Ku bar shi haka," in ji Mai Shayi daga kan benci. "Tun da na san shi bai taɓa yin fari irin na yau ba."

Manaja ya juya wurin baƙuwarsa. "Ranki ya daɗe, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Wallahi ba haka muke ba."

Mai Otal ta goge tabarau da gefen mayafi, ya ƙara dushewa. Ta dubi matan layi da suka jeru jiƙe sharkaf suna jiran abin da za ta ce. Ta murza yatsunta ta shinshina.

"Sabulunku dai yana kumfa, wannan ba sai an kawo shaida ba. Zan dawo mako mai zuwa. In na tarar da wancan dattijon a gindin tankinsa, wannan kuma a wajen katanga, za mu yi magana."

Inna ta sauke ajiyar zuciya har ana ji daga titi.

Matar Na-Iya ta matsa kusa da yayanta ta rage murya, amma ba yadda jama'a ba za su ji ba. "Yaya, wajen katanga ai ba gida ba ne, ko? Don Allah kada ka dawo mini da shi."

Manaja ya ɓamɓare takardar goshinsa ya dube ta. "Motocin da ke kai mana kaya kullum suna fanca. Zan kafa masa rumfa a tsallaken titi. Tsallake, kin ji? In ƙafarsa ta taka harabar nan, ke da shi duka na sallame ku daga dangi."

Na-Iya ya ji ana yanke masa hukunci ba a nemi bayaninsa ba. Ya miƙe zaune, ya share ido, ya ɗaga yatsa sama yadda ya saba in zai yi wa mutane karatu. Jama'a suka kasa kunne don su ji ta inda zai ɓullo. Ya cika ƙirji, ya buɗe baki.

Maimakon magana sai shaƙuwa ta zo, wani ƙaton ƙwan kumfa ya fito daga bakinsa. Ya kumbura, ya rabu da leɓensa, ya tashi a hankali yana walƙiya a rana, ya bi ta kan matarsa, ya bi ta kan Manaja, kowa ya ɗaga kai yana bin sa da ido. Ya kai saitin bencin Mai Shayi ya fashe, ɗis.

"To, jama'a, kun ji bayanin injiniya," in ji Mai Shayi. "Akwai mai tambaya?"

Titi ya ɗauka da dariya, har Mai Tanki sai da audugarsa ta faɗo. Matar Na-Iya ta kama hannun mijinta ta tashe shi, ta ja shi suka nufi gida, yana tafe takalmi yana cakal-cakal, ƙafa ɗaya ba safa, yana waiwaye yana neman wanda zai tsaya ya ji yadda abin ya faru a ilmance.